MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO, MASANIN SHARI'AR DA KANAWA SUKA TARE WA HANYA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya zukata da ilmi, Ya tsayar da ƙasa da adalci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wanda za mu ambaci tarihinsa a wannan shafi shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Mujaddadi Shehu Usmanu kuma wazirinsa, wanda ake kira Abdullahin Gwandu, Allah Ya ƙara masa yarda. Ba a Kano aka haife shi ba, ba kuma a nan aka binne shi ba. Amma a cikin ganuwar birnin nan ya rubuta littafinsa mafi shahara a kan shari'a da mulki, kuma Kanawa ne suka roƙe shi ya rubuta. Saboda haka muna da rabo a cikinsa, shi ma yana da hakki a kanmu.

NASABARSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u, kuma gidansu na Fulani Toronkawa ne, gidan da aka san shi da karatu tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa, daga nan kuwa bai rabu da shi ba, a gida ko a tafiya, har tsawon shekaru masu yawa.

Shi da kansa ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, a cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi da ya rubuta a 1812. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan farko, da tauhidi daga littattafan Sanusi, da nahawu tun daga Ajurumiya, da fiƙihu tun daga Ahalari da Ishimawi har Risala, da tafsiri da ilmin tasawwufi. Ya saurari Sahihul Bukhari tare da Shehu a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, sa'an nan su biyun suka zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, inda ya ɗauki ilmin usulul fiƙihi. Duk wanda ya yi karatun zaure a Kano zai ga cewa tsanin da Malam Abdullahi ya taka shi ne wanda ɗalibanmu suke takawa har yau. Sai dai shi ya hau har ƙarshensa, ya kuma ƙware a harshen Larabci ƙwarewar da ta sa na bayansa suka yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

A hannun Shehu kuma ya karɓi ɗariƙar Ƙadiriyya. Jama'ar Shehu da sunan Ƙadirawa aka san su, kuma lokacin da Shehu ya yi waƙarsa ta Fulatanci ta kamun ƙafa da Sidi Abdulƙadir Jilani, Malam Abdullahi ne ya mayar da ita Larabci. Tun yana saurayi ya fara rubutu a kan gyaran zuciya, bai kuwa daina ba har tsufansa. Minanul Mannani da Sabilun Najati da Maɗiyyatuz Zadi duk a wannan fage suke.

MAI KARE JAMA'A DA HUJJA

Aikin da a yau ake cewa na lauya, wato mutum ya tsaya a madadin wasu ya kare su da hujjar doka, shi ne aikin farko da Malam Abdullahi ya yi wa Jama'a, tun yana ɗan kimanin shekara 20. A lokacin da suke yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami daga Barno mai suna Mustafa, wanda ake yi wa laƙabi da Gwani, ya tarye su da baitoci yana zargin Shehu da barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu ya dubi ƙaninsa ya umarce shi da ya ba da amsa. Malam Abdullahi ya amsa da waƙa a kan karin da mai zargin ya yi tasa. Da farko ya kore tuhumar, ya nuna ba cakuɗa ake yi ba. Sa'an nan ya bi da shi ta hanyar malaman usulu, ya ce ko da an ɗauka akwai ɓarna a fitowar mata, barinsu cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi ta girma, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka a kauce wa babbar. Wannan hujja ce ta tsare wa mata wurinsu a majalisin Shehu, kuma a cikin wannan gida ne daga baya Nana Asma'u ta tashi.

Yana tare da Shehu a Magami wajen 1788, ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayan sun koma Ɗegel, da Malam Abdullahi ya ga malaman danginsu suna ja da baya, sai ya aika musu da waƙar nasiha, wadda ta jawo da yawa daga cikinsu suka shigo.

Labarin jihadi sananne ne, ba za mu tsawaita a kansa ba. An yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma Malam Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, sai Muhammadu Bello ya biyo baya. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya Sarkin Gobir Yunfa, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Amma a tsakanin waɗannan nasarori an sha wuya matuƙa. A Tsuntsuwa kaɗai an rasa kimanin mutum 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa ma an yi babbar asara. Waɗanda suka faɗi a waɗannan wurare su ne abokan karatunsa, mutanen da suka san dalilin da ya sa aka fito.

FITARSA DAGA RUNDUNA

A shekara ta huɗu bayan hijira, wato 1807, runduna ta kama hanyar Alƙalawa. Malam Abdullahi ya fita tare da ita, amma zuciyarsa ta riga ta juya. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati ya bayyana abin da ya dame shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage da yawansu sun karkata ga neman sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin sukuwa a cikin gari. An yi sakaci da masallatai da makarantu, ana cin dukiyar da ba ta halatta ba, har akwai masu kai 'ya'ya kasuwa su sayar da sunan bayi. Bai kuma tsame kansa daga zargin ba, domin ya ga shi ma guguwar tana neman ɗaukarsa. Sai ya yanke shawarar ya bar kowa da komai, ya fuskanci gabas, ya nufi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A dubi girman abin da ya bari. Shi ne wazirin Shehu, yana cikin manyan kwamandojin yaƙi, kuma a lokacin nasara ta fara bayyana, ganima tana shigowa. Ya juya wa wannan duka baya, ya shiga daji da mutum biyar kacal. Kwana uku suka yi ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga sawun komai ba sai na giwaye, kafin Allah Ya fitar da su cikin gari. A haka suka yi ta tafiya har suka iso Kano.

ZAMANSA A KANO

Kanon da ya tarar ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba. An kori Sarki Alwali, na ƙarshe a gidan Kutumbawa, kuma Malam Sulaimanu ne yake riƙe da gari a matsayin sarkin farko na zamanin Shehu. Shugabannin jihadi na Kano malamai ne, kowannensu da jama'arsa, amma karatun zaure daban, riƙon birni mai kasuwa kamar Kurmi da ƙauyuka da fatake da baitulmali daban. Tsohon tsari ya rushe, sabo bai kafu ba. A irin wannan hali talaka ne yake fara shan wuya, domin bai san ƙofar da zai kai kukansa ba, wanda aka ba riƙo kuma bai san iyakar ikonsa ba.

Da Kanawa suka ga wanda Allah Ya kawo musu, sai suka hana shi wucewa. Suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda za su tsayar da addini da hukunci. Amsar da ya fara ba su mai ɗaci ce, domin ya gaya musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo ya bari a baya. Duk da haka suka nace, shi kuma ya sauke kayansa. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Ya ba da labari cewa mutane sun tuba, sun farfasa kayan wasa, har kututturan ganguna aka mayar da su abin zuba wa dawaki abinci. Ruwayar Kanawa ta ƙara da cewa shi ne ya daidaita alƙiblar masallacin Juma'a na birni.

Babban abin da ya bar mana shi ne littafin Liya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta a kan abin da yake nasu da abin da yake kansu na hukunce-hukunce. Ya buɗe shi da maganar hijira, sa'an nan ya shiga wajabcin naɗa shugaba da sharuɗɗansa da abin da ya hau kansa, sai mataimakansa tun daga waziri da alƙali har mai hisba da mai karɓar ƙarar zalunci da masu tara zakka, sai hukunce-hukuncen jihadi, sai siyasar shari'a. Ya rufe shi da bayanin aikin Hajji da ziyarar Manzon Allah, abin da yake nuna inda zuciyar marubucin take a lokacin da hannunsa yake rubutu.

Wanda ya karanta littafin zai ga ba don malamai su yi muhawara aka yi shi ba, an yi shi ne don a yi aiki da shi gobe da safe. Shugaba a wurinsa ba mai mallakar jama'a ba ne, wakili ne da aka ɗora wa amana, kuma ba a ba da riƙo don gado ko don kuɗi ko ga wanda ya nace da nema. Wajibi ne ya zauna inda mai rauni zai iya isa gare shi, mace da yaro da miskini, kada fadawa su zama katanga tsakaninsa da su. Wajibi ne ya binciki ma'aikatansa, ya san abin da suka mallaka kafin a naɗa su da abin da suka tara bayan an naɗa su, ya karɓe abin da ya wuce ƙa'ida ya mayar baitulmali. Kyautar da ake kai wa mai riƙo saboda riƙonsa ba halalinsa ba ce. Alƙali kuwa sai ya daidaita masu husuma a wurin zama da kallo da sauraro, ko da ɗaya basarake ne ɗaya talaka.

A babin siyasa ya bi sawun Ibnu Farhuna mai littafin Tabsira, ya raba siyasa gida biyu, ta zalunci wadda shari'a ta haramta, da ta adalci wadda take fitar da hakki daga hannun azzalumi. A nan ne ya yi bayanin yadda ake aiki da alamomi idan shaidu sun yi ƙaranci, da bambancin da ke tsakanin wanda aka tuhuma alhali an san shi da kirki, da wanda aka san shi da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Wannan wuri ne mai santsi, domin idan aka ƙuntata shi ɓarawo ya kuɓuta, idan aka sake shi kuma mai iko ya daure wanda ya ga dama. Malam Abdullahi ya buɗe ƙofar daidai gwargwadon bukata, ya kafa mata iyaka.

Akwai wani abu da ya kamata Bakano ya lura da shi. Daga cikin waɗanda Malam Abdullahi ya fi dogara da maganarsu a sha'anin mulki akwai Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen 1492, ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarakuna. Ke nan bayan shekara fiye da 300, wani Baƙadire ya dawo wa Kanawa da wasiyyar da wani Baƙadire ya rubuta a garinsu, bayan ƙura ta rufe ta.

Hajjin da ya fito dominsa bai yiwu ba. Bayan ya kammala abin da aka roƙe shi, sai ya juya yamma ya koma wurin Shehu, kuma har ya bar duniya bai taka ƙasar Hijaz ba. A ganinmu wannan ita ce hidima mafi tsada da ya yi wa mutanen birnin nan, domin ya sayar da burin ransa ya saya musu tsarin da za su zauna a kai.

BOƊINGA DA GWANDU

An ci Alƙalawa a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, kuma a 1812 aka raba kula da ƙasa, yamma a hannunsa, gabas a hannun Muhammadu Bello. A waɗannan shekaru alƙalaminsa bai huta ba. Ya rubuta Liya'us Sulɗani da Liya'u Ulil Amri, daga baya kuma Liya'us Siyasati, duk a kan mulki da hukunci. Ya kammala Tazyinul Waraƙati a 1813, sa'an nan babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi 4. Da ya ga tafsirin ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, sai ya taƙaita shi a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan bisa ruwayar Warshu, wadda ita ce karatun mutanen ƙasarmu. A nahawu yana da Baharul Muhiɗi, a sarfu yana da Hisnur Rasini, a usulu yana da Alfiyya.

Littattafai biyu daga cikin ƙananan rubuce-rubucensa sun fi kusa da rayuwarmu ta yau da kullum. Ɗaya shi ne Kifayatul Awami, a kan hukuncin ciniki, wanda ya yi shi domin gama-garin mutane. Ɗayan kuma Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita: ko ta hanyar raya ta, ko ta zama harabar abin da ya mallaka, ko shugaba ya yanka masa, ko a keɓe ta domin amfanin jama'a. A mazhabar Malikiyya makiyayar gari da wurin itacensa hakkin mutanen garin ne baki ɗaya. Ɗan'uwan da yake da rumfa a kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda kullum yake fama da bashi da ajiya da kayan da aka saya aka ga aibi, da wanda ya taɓa shiga rikicin fili ko na burtali, za su ga cewa matsalolinsu ne wannan bawan Allah ya zauna ya warware shekara 200 da suka wuce.

Ba a kowace mas'ala ya dace da wansa ba. Ya tsananta a kan kiɗa da sanya tufafin alfarma da amfani da sunayen sarauta irin na mulkin gado, Shehu kuwa ya sassauta a wasu daga cikinsu, ya yi bayanin hujjarsa a littafinsa Najmul Ikhwani. Kowannensu ya rubuta abin da ya gani, babu wanda ya zubar da girman ɗan'uwansa. Almajiri ya saɓa wa shehinsa a fatawa alhali yana riƙe da wuridinsa, shehin kuma ya amsa masa da littafi.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa bayan wafatin Shehu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Yana Boɗinga aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da ya iso ya tarar da ƙofar gari a rufe. Mutum ne da yake da dalilin ganin ya cancanta, yana da mabiya, yana da rabin ƙasa a hannunsa. Bai ɗaga takobi ba, ya koma Gwandu ya yi shiru. An yi 'yan shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa, har lokacin da 'yan tawaye suka taru a Kalambaina suka matsa wa Gwandu. Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin wajen 1821. Da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmamawa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Da wannan gaisuwa aka rufe ɓarakar da za ta iya raba daular gida biyu.

WAFATINSA

Daga nan ya sauke yawancin nauyin mulki a kan ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu da zikiri. Littattafansa na ƙarshe sun fi karkata ga zuhudu da tarbiyyar zuciya. Ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, yana da kimanin shekara 65, kuma a can kabarinsa yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa marsiyya, Nana Asma'u ma ta yi. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayan Muhammadu kuma ɗan'uwansa Ibrahimu Halilu, wanda ya shahara da tsoron Allah, kuma zuriyar Malam Abdullahi ce take riƙe da sarautar Gwandu har yau.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka masa da alheri bisa abin da ya yi wa mutanen Kano, Ya amfane mu da albarkarsa da ta wansa Shehu Usmanu da ta Sidi Abdulƙadir Jilani, amin.